Littafin Bashi

Ƙarfe ɗaya na dare a Ɗorayi.
An ɗauke wuta, na kunna fitilar waya,
na buɗe littafin bashi a kan gwiwa.
Shafin dama, waɗanda nake bi.
Shafin hagu, waɗanda ke bi na.
Da can dama ce mai ƙiba.

Shekara huɗu ke nan
da wani yaro mai kwat ya biyo ni har rumfa a Kwari,
ya zauna kan dilar shadda kamar ɗan gida.
Ya ce, "Alhaji, kuɗi ba sa son barci,
karɓi namu ka tashi naka."
Liman ya sha faɗa a kan ruwa, na ji, na kau da kai.
Na sa hannu wuri bakwai.
Yaron ya sha lemona, har ya yaba sanyinsa.

Shekaranjiya na je bankin, can wajen Bata.
Mai gadi ya miƙo mini lamba ta tamanin da shida.
Yaron ya wuce ta gabana yana duban agogo,
sai ka ce agogon ne ya ci bashi.
Sun rufe famfon rance, in ji su,
amma ruwan da ke kaina bai san rani ba,
kullum zuba yake, har ranar Juma'a.

A Wapa dala ta hau tsani
ta janye tsanin.
Na sayar da turmi goma, na ƙirga riba, na yi hamdala,
na koma sari, kuɗin suka sayo shida.
Wace irin riba ce wannan
mai cin uwarta?

A ƙasan akwati akwai takardu masu hatimi,
hannun jarina a wata masaƙa a Sharaɗa.
Na bi ta wurin watan jiya.
Injin ya yi shiru, ƙofa ta yi tsatsa,
awaki kwance a inuwar katanga suna tuƙa.
To, ina da kaso a wannan inuwar.

Fulotina na Rijiyar Zaki yana hannun dillali wata biyar.
Ya ce, "Alhaji, garin duk 'yan sayarwa ne,
masu saye sun yi ƙaura ba sallama."

Uwale kuwa, da kaka,
ta kwashi adashinta ta tafi Dawanau,
ta dawo da buhun wake huɗu da gero shida.
Na yi dariya har da riƙe ciki:
jari a buhu? Ai ƙwari kika yi wa gara.
Ba ta tanka ba. Ta barbaɗa barkono, ta ɗaure baki.
Yau da daddare ta ajiye mini tuwo,
ba ta ce komai ba,
ni ma ban ɗaga kai ba.

Ga sunan Mudi tela, layi na tara.
Yadi arba'in tun azumi.
Ɗazu ya zo da dubu uku a ƙulle cikin leda,
duk canji ne, wasu an liƙe su da salatif.
Na tambayi kekensa. Ya dubi takalminsa.
Na san wannan duban,
irinsa na yi a Bata.

Na karɓi ledar, don kada in kunyata shi.
Yanzu ga biro a hannuna.
In na ja layi a kan Mudi,
banki ba zai ja a kan nawa ba,
wannan na sani, lissafi ba ya jin tausayi.

Na ja.
Biron ya ƙi kamawa, sai da na hura masa.

Gobe kuɗin makarantar Shamsiyya,
jibi haya, gata mai kwat.
Waya ta ce saura kashi uku.
Na rufe littafin, na ji Uwale ta juya,
cikin barci tana tambaya
ko na toshe ƙofar ɗakin buhu,
wai ta ji motsin ɓera.