Tawada a Babban Yatsa

Daren Alhamis suka sauke kwano bandir uku
a ƙofar majami'armu, nan Unguwar Gajere,
inda damina ke shiga sujada tare da mu,
ta zauna a benci na uku, ta jiƙa wa Tabita zane.
Suka ce daga Barnabas ne, ɗan Nomau, ɗanmu.
Ba su ce saye ba, ba su ce kyauta ba,
sun dai danne hotonsa da dutse, suka tafi.

Mijina Dogara ya shafa kwanon kamar mai taya saniya.
Ya ce, Rahila, in namu bai hau ba,
wa zai ambaci sunanmu a Sumaila?
Filin maƙabarta, an ce takarda ta ɓata.
Makarantar yaranmu, akuya ce hedimasta.
Naka sai naka.

Ban musa ba.
Gaskiya ce, da ƙayarta da komai.

Sai dai ni na riƙe fitila
daren da naƙuda ta juya wa Kyauta baya.
Rafi ya kawo, babur ya ƙi ruwa.
Malam Hudu na Tsohon Gari ya ɗaura wa shanunsa amalanke,
ya kai mu asibitin Gani kafin asalatu,
ya wanke jinin 'yata daga hannun rigarsa,
ya yi sallarsa a gindin dalbejiya.
Bai tambaye ni ina nake durƙusawa ba.
Yau hotonsa ne a ɗaya bangon.
Barnabas kuwa, tun ranar da muka rufe uwarsa
ko ƙarar motarsa ba mu ƙara ji ba.

Na sami Fasto Ishaya yana liƙin tayar keke.
Na ce, wanne Ubangiji yake so?
Ya tsoma tayar a ruwa, yana neman inda take huci.
Ya ce, a abin da aka ba ni in karanta muku
ban ga tutar kowa ba.
Na ga wanda ya sayar da gadonsa a kan kwanon miya.
Na ga wanda aka yasar a hanya,
nasa suka ratse, bare ya tsaya.
Na kuma ga an ce kada mutum ya manta da 'yan gidansu.
Je ki yi addu'a.
Kwanon nan ban taɓa shi ba,
ko da yake a kaina ruwan ya fi zuba.

Na yi addu'ar.
Babu murya, babu mafarki,
sai gyare, da minsharin Dogara,
da jikata tana neman nono a duhu.

Asabar, layi ya miƙe har gindin ɗorawa.
Na shiga bayan kwalin ni kaɗai,
wurin bai kai rumbu faɗi ba,
amma ban taɓa tsayawa inda Allah ya matso kusa haka ba.
Na ce, Kai ka ba ni yatsan nan,
da shi nake ɓare gyaɗa, da shi nake share hawayen yara.
In na kuskure, kada ka bar ni da kuskurena.
Na dangwala.

Da dare Dogara ya miƙo hannu cikin akushi,
na miƙo nawa.
Yatsu biyu, tawada ɗaya.
Bai tambaya ba, ban tambaya ba.
Ya ce miyar ta yi gishiri, ya kuma ƙara loma.

Lahadi hadari ya haɗo tun kafin a buga ƙarfe.
Kwano na nan a ƙofa, da igiyarsa.
Tabita ta matsa gefe, ta ba ruwa wurinsa,
muka tashi tsaye, muka ɗaga murya.