Igiya a Ƙugu

Sha ɗayan dare a Ƙofar Ƙaura,
janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu.
Saura ni da hasken kwamfuta,
da layi na tamanin da bakwai
wanda ya sa Luba hawaye da rana.

Kantin magani ne, mutum sha huɗu a tsaye,
gabansu dattijo da takardar asibiti ninki huɗu.
Luba ta danna biya.
Manhajata ta aika saƙo banki,
ta zauna jiran amsa
kamar yaron da aka ce wa, tsaya nan, ina zuwa.
Ɗan zoben nan yana ta juyi a allo,
yana juyi,
aka kira la'asar yana juyi.
Ni na koya mata sallama,
ban koya mata komawa ba in gidan babu kowa.

Kakana Tanimu mahaƙin rijiya ne a Rimi.
Ba ya sauka sai da igiya a ƙugu,
bakinta a hannun ƙanensa Ilu.
Yakan ce, in ka girgiza ban girgiza ba,
ƙirga ɗari.
Kar ka ƙara ɗaya don kunyata.
Ja.

Ran nan Ilu ya tsorata a sittin, ya ja.
Tsoho ya fito da danshin laka a tafi,
ruwa saura taki ɗaya,
ya yi faɗa har kaji suka watse.
Wata shekara kuma Ilu ya cika ɗari cif,
ya jawo shi laƙwas, iskar ƙasa ta shaƙe shi.
Aka yayyafa ruwa, ya yi atishawa.
Bayan damina biyu aka haifi mahaifiyata.

To, nawa zan rubuta?
Na ce biyar, na tuna ranar hadari,
sadda sabis ke tafiya kamar jaki da mangala,
amma yana isa.
Na ce ɗari, na tuna ƙafar dattijo,
da mutum sha uku a bayansa suna sauya tsayuwa.
Babu malamin da zai ba ni wannan lamba.
Na buɗe tarihin wata uku:
mai saurin yakan dawo a biyu,
mai nawa a sha tara.

Talatin.
Na rubuta, na ji nauyinta a yatsa.

Sai abin da za ta faɗa in wa'adi ya cika.
Ba za ta ce ya faɗi ba, don ba ta sani ba.
Wataƙila kuɗin sun fita, amsar ce ta ɓata a hanya.
Shiru ba a'a ba ne.
Na sa mata a baki:
ban ji amsa ba, kar a sake biya, zan bincika.
Ta saki layin, ta rufe abin da ta buɗe,
ta leƙa bayan daƙiƙa biyu, bayan huɗu, bayan takwas,
sannan ta haƙura, ta kira mutum.

Na zare waya don gwaji.
Zobe ya fara juyi, ni ina ƙirga a fili
kamar Ilu a bakin rami.
Ashirin da tara,
sai ga ta ta fito, hannu wofi, da ranta.

Na rufe kwamfuta, na ɗauki wayata.
Saƙon da na tura wa yayana Mudi yana nan,
tun da ya rubuto daga Agadas cewa, na kusa.
Alama ɗaya, wata goma sha bakwai.
Shi ya tafi ba igiya,
ni kuma ban fara ƙirga ba.

Gobe bakwai zan kai wa Luba gyara.