Inci Huɗu

Ni ne Yotamu Mphande, magini.
Ni na aza tubalin farko a Lwambazi
shekarar da tafki ya shanye gonakin rogo.

Bayan sujadar Lahadi, Rabaran Dunbar ya buɗe takardar Zomba:
fam guda daga coci, fam guda daga gwamna,
in bango ya tashi, in sufeto ya gani da idonsa.
Muka yi tafi.
Har tsoho Zakeyu da ba ya ji, ganin hannuwa ya sa ya tafa.

Wata uku mata suna hawo da ruwa daga tafki.
NyaGondwe da ciki ta fara, da goyo ta gama.
Mun ƙona tubali dubu goma sha ɗaya,
itacen kuwa yara suka jawo shi daga dutse,
yaran da za su zauna a ciki.

Malam Hezekiya ya rubuta duka a littafi,
kowane tulu, kowane dami.
Akawu ya dawo da littafin da jan layi:
abin da ba shi da rasit, ba a kashe shi ba.
Ashe gumi ba ya shiga lissafi
sai in a kanti aka sayo shi.

Sai ga sufeto, a kan babur, ranar Talata.
Bai taɓa bangon ba.
Ya zaro tef, ya auna taga,
ya sake aunawa.
Inci huɗu ta gaza, in ji shi, haske ba zai ishi ido ba.
Na ce masa iskar kudu ce na tsorata,
na san ta tun kafin a haifi tef ɗinsa.
Tafinta ya dube ni, ya haɗiye rabin maganar.

Damina ta same mu babu kwano.
Na tsaya ina kallon bangon gabas
yana komawa laka, sahu bayan sahu,
kamar mai lissafa mini kwanakina.

Da rani na fasa tagogi shida da hannuna.
Na ƙara musu inci huɗu,
na ƙara ɗaya don haushi.

Kuɗin sun iso bayan shekara biyu,
fam goma sha takwas a cikin ambulan.
Na san su.
Kuɗin harajin bukkokinmu ne, sun je Zomba sun yi wanka,
sun dawo da sunan kyauta.
Aka ce mu rubuta godiya. Muka rubuta.

A jikin ƙofa an kafa allo da sunan gwamna da na mishan.
Nawa yana ƙarƙashin shafe, inda na dangwala yatsa a ɗanyen tubali.

Jiya jikata Tiwonge ta karanta mini wasiƙa a bakin tagar nan.
Ba zan yi ƙarya ba,
hasken ya ishe ta.
Iskar ma ta shigo, ta ɗauke takardar.