Kilo Ɗaya da 'Yan Kai

Mutari ya jera su a tebur kamar bandar kifi,
baƙaƙe uku, da fara ɗaya mai tabo a kusurwa.
Ya ce, “Waccan babbar ita ce uwa,
fuskarta faɗin faifai,
ba ta zafi, ba ta gardama.”
Na ɗaga ta.
Wuyan hannuna ya ce a'a
tun kafin bakina ya tambayi kuɗi.

Daga Garin Malam zuwa jami'a ba leƙen maƙwabta ba ne.
Ranar da akwai canji, kabu-kabu,
ranar da babu, ƙafa,
da gorar ruwa, da kundi uku, da ragowar alkaki,
da rana mai dafa duwatsun Damagaram
tun hantsi bai gama miƙewa ba.

Baba na gefe, bai ce uffan ba.
Shekara talatin yana kiran “ga ruwa” a lungunan Birni,
kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka,
akwai kanta a inda sanda ta yi gida.
Mutari na ta zuba lissafi, giga huɗu, giga takwas,
Baba na kallon bakinsa
kamar mai sauraron huɗuba da baƙon harshe.

Can sai ya ce, “Fasuma, buɗe jakarki.
Kaya ƙarya yake yi a hannu.
Sai ya hau kafaɗa, ya yi zango,
yake faɗin gaskiya.
Sa ta ciki, da igiyar cajinta, ita ma kaya ce,
ki je bakin tasha ki dawo.”

Mutari ya miƙe: “Haba, tsoho! Wa ya taɓa yin haka?”
Baba ya ja benci ya zauna.
“Ni ne jingina.”

Sau huɗu na ratsa Kasuwar Dole.
Babbar ta kama ni tun a layin masu barkono,
ta ɗora mini gwiwa a gadon baya.
Ta biyu ta yi haƙuri har wurin dukawa,
sannan ta fara cizo.
Ta uku ba laifi, sai dai cajarta tubali ce,
kuma batirinta ba ya kai sallah zuwa sallah,
ga shi a zauren lacca soket ɗaya ne rak,
mu ɗari uku muna yi masa layi kamar famfo.

Farar kuwa, sai da na tsaya gaban mai kilishi
na laluba jakar, ko an yanke ni.

Ba sabuwa ba ce.
Wani a wata ƙasar sanyi ya yi ta rubutu a kanta
har harafi biyu suka goge,
ban san ko wasiƙa yake yi ko bashi yake bi ba.
Mutari ya ce jika ɗari da talatin.
Baba ya ce tamanin. Albarka.
Aka yi ta ja har inuwar rumfa ta koma gabas,
aka tsaya a ɗari da biyar.
Awaki biyu ke nan da aka kai Mirya,
da kwasar adashen Inna,
da wasu tsofaffin takardu masu laushi
waɗanda na san a jiƙe suka shigo gida.

A hanya ya karɓi jakar, na hana, ya ƙi.
Ya rataya ta a hagu,
kafaɗar da ba ta taɓa yin aiki ba.
Ya yi taku goma, ya yi dariya:
“Ko rubu'in garwa ba ta kai ba.
Da wannan ake cin abinci?”

Da dare aka ɗauke wuta.
Na buɗe ta a tsakar gida, ƙwari suka taru,
na nuna masa taswirar da malaminmu ya ba mu,
dutse bisa dutse a ƙarƙashin garinmu.
Ya goge yatsa a riga kafin ya taɓa gilashin.
“To, nuna mini inda ruwan ya ɓuya.”

Na ce ba mu zo wurin ba tukuna.
Ya ce zai jira.
Batir saura arba'in.