Daƙiƙa Huɗu

Kafin a hayo kyamara, ni ake haya,
ni da fensir da tsoffin takardun jarrabawa
waɗanda ƙanwata ta cika gabansu ta bar mini baya.
Ɗaki ɗaya a saman shagon taya, Farin Gada,
taga ba ta rufuwa, sanyin Jos kuwa ba ya sallama.

Sagir ya kawo waƙarsa a waya,
minti uku da daƙiƙa goma sha ɗaya.
Ya ce: Zana mini ita, in gan ta tana tafiya
kafin in sayar da babur ɗina a kanta.

Na datsa waƙar gunduwa-gunduwa kamar mahauci,
kowace gaɓa da nata zane.
Mutum a wurina sanda ne da kai kamar ƙwai,
Davou mai kyamara ya raɗa masa suna ɗan sanda.
Jar kibiya na nufin kyamara ta matso,
shuɗiya, ta ja baya ta ba shi wuri.
Zane tamanin da bakwai na ɗauka hoto,
na jera su a kwamfuta bisa bugun ganga,
sai ga ɗan sandan yana ɗingishi a kan kiɗa,
yana buɗe baki inda Sagir ya buɗe.

A takarda komai araha ne.
A sa masu rawa arba'in a kan Dutsen Shere? Na sa, ko sisi.
Jirgi marar matuƙi ya sauko ta cikin gajimare? Layi biyu ne.
Davou na gefe yana latsa kalkuleta,
duk mai rawan da na zana,
shi shinkafa yake gani da kuɗin mota.
Magogi ya sallami talatin da huɗu,
babu wanda ya yi fushi.

Zanen ne ya fara faɗa mana gaskiya:
amshi ya ƙare, mutumin bai kai rabin gada ba.
Ko a gajarta gadar, ko Sagir ya koyi gudu.
Muka mayar da shi bakin tsohon ramin kuza a Rayfield,
inda koren ruwa ke kwance
kamar bai taɓa cin kowa ba.

Amma akwai wani wuri bayan baiti na biyu,
inda ya ambaci mahaifiyarsa, kiɗa ya ɗauke,
sai numfashinsa kawai. Daƙiƙa huɗu.
Na zana fuska, na goge.
Na zana tsuntsu, ƙarya ce.
Na zana hannu da carbi, ya yi kama da kalanda.
Na bar wurin fari.
Sagir ya kalla sau uku, ya ce: Nan fa?
Na ce ban sani ba tukuna.

Ranar ɗauka, Talata,
har zane na hamsin komai ya bi layi kamar 'yan firamare.
Sai hadari ya taso daga wajen Bukuru,
shi da ba ya cikin tamanin da bakwai ɗina.
Ƙanƙara ta hau dukan rufin mota,
masu rawa shida suka cusu a tamfol ɗaya,
jajayen kibiyoyina suka narke a hannuna.

Can gefen hanya wata mai gasa masara
ta kife tire a kan garwashi,
ta duƙa a kai, ta ba wa ruwan bayanta,
tana kare 'yar wutarta.
Davou bai tambaye ni ba. Ya juya kawai.
Ba jar kibiya, ba shuɗiya.

A daren na saka ta a farin gurbin.
Ta zauna daram, ko ƙiftawa ban rage ba.
Sagir ya kalla sau ɗaya, ya fita waje,
ya ce sanyi ne ya shiga masa ido.

Washegari muka koma neman izininta.
Ta ce sunanta Chundung, ta ce a nuna mata.
Ta goge hannu a zane, ta karɓi wayar,
ta kalla, ta ce: Ashe haka bayana yake.
Ta sayar mana da masara biyar,
ba ragi.