Awa ta Sha Ɗaya a Mayo Luti

Su sun zo da tayoyi arba'in,
makanikai shida, har da mai matsa musu wuya.
Ni da ƙanena Hamajoda muka zo,
sifana a aljihu, tocila a bakinsa.

A Garwa sau uku aka auna motarmu,
tasu hannu aka ɗaga mata.

Tsakar dare yashin Mayo Luti
ya haɗiye Bafaranshen har ƙofa.
Na wuce.
Kunya ta taka min birki, na dawo da igiya.

Ya zo na biyu, na zo na tara.
Da safe ya miƙo min hular kwanonsa.
Hamajoda ya ce: karɓi mana, Yaya,
lagireto na yoyo,
dama ba mu da abin ɗiban ruwa.