Bayan Kalanda

A bayan kalandar bara nake rubutawa,
da biron da na tauna wa kai:
Litinin, an ɗauke da La'asar, an kawo biyun dare.
Talata, ko ƙyalli.
Laraba ta leƙo kamar mai cigiyar akuya,
ta ga ba tata ba ce, ta juya.

Ba son lissafi ya sa ni ba.
Allurar sukarin Inno Tumba tana cikin firji,
zafin Sakkwato kuwa ba ya jin magiya.
Idan Mabera ta kwana biyu a duhu,
na san ta uku tamu ce a Gawon Nama.
Tun hantsi nake tura Jaɓɓi da kula
ya nemo ƙanƙara kafin ta yi tsada.
In ya dawo hannu biyu,
in ƙulle kwalbar a leda,
in kwantar da ita a jiƙaƙƙen rairayin gindin randa.

Unguwa ta gane.
Mai niƙa ya aiko, mai cajin waya ya aiko:
"Hassatu, yaushe za a kawo?"
Ni ba duba nake ba,
abin da kuke mantawa nake tarawa.

Da ta tafi nake bin bango ina zare wayoyi,
don ba ta dawowa da ladabi.
Bara ta shigo kamar sa ya tsinke igiya,
ta cinye fanka, ta haɗa da rediyon Baba.
Ƙwai ɗaya nake bari a kunne, ɗan aike.
Kyandir kuwa mun rabu
tun ranar da ya lashi labule.
Tocila ke kwana gefen matashina.

Akwai daren da na kewaye da ja.
Bazara ce, ko ganye ba ya motsi.
Malam Gado ya ji tsoron ɓarayi,
ya ja injinsa cikin soro, ya sa sakata.
Hayaƙin nan ba ya sallama,
ba ya tari a bakin ƙofa,
shimfiɗa yake gyara maka.
Da Asuba sahu ya rasa mutum ɗaya,
inji na kuka, gida shiru.
Da taɓarya aka ɓalle ƙyauren.
Biyar aka ɗauka zuwa asibiti.
Huɗu suka dawo.
Takalmin Ige ƙarama ya kwana bakwai a tsakar gida,
an rasa mai ɗagawa.

A ƙarƙashin jan na rubuta:
inji a waje, ko da ruwa, ko da ɓarawo.
Ƙarfe ne, kasuwa na da wani.

Ruwan farko ya kayar da waya a kwanar masallaci.
Ta yi likimo cikin taɓo, kamar igiyar shanya.
Na tsaya daga nesa ina ihu ga 'yan makaranta
har muryata ta dushe,
har masu tsani suka iso.

Yanzun nan ɗan aikena ya kifta ido.
Yara sun ɓarke da "Nepa!" har bakin titi.
Ban tashi ba.
Sai na ƙirga ɗari, in ga ko da gaske take,
sannan in jona firji,
in dubi agogo, in rubuta.

Daga tabarma Inno ta ɗaga hannu:
"Kashe ƙwan ga, ɗiyata.
Taurari nika kallo."